Jaka Mai Zanen Bagaruwa

Asabar, 9 ga Shawwal, 1346. Gusau.

Tun da maigidana Malam ya faɗi a tsakiyar azumi ban sami wanda zan faɗa wa abin da ke raina ba. Masu dubiya sun ɗauke ƙafa bayan salla. Na ɗauko sauran takardun da yake zana fasalin aiki a kansu, na jiƙa tawada. Allah ya jiƙan Baba da ya koya mini rubutu a Tsafe tare da 'yan'uwana maza.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa. Harshe ya yi nauyi, sai na kasa kunne sosai nake gane shi. Mutumin da in aka ce Attahiru baduku, daga nan har Sakkwato an san linzaminsa da kubensa. Ga shi na rubuta sunansa. Takarda ba ta da baki.

Yau wani dattijo ya yi sallama, ya ce sunansa Rabi'u, shi ne kukun Baturen kanti. Matar Baturen, wadda mutanen gari ke kira Mai Lema, za ta ƙasarsu farkon damina. Wai bakin teku za ta, ta huta. Tana son jaka, da takalma, da malfa, da mafici, kuma an ce mata babu kamar aikin gidan nan. Ya ce, “Inna, na ji an ce jikin Malam babu daɗi. In ba zai iya ba, sai in nemi wani.”

Ƙofar ɗaki a buɗe take. Na san yana ji. Na ce, “Malam zai yi.”

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Ko kuwa na sani.

Lahadi, 10 ga Shawwal.

Na gaya masa da safe ina ba shi kunu. Ya juya fuska bango. Sai da kunun ya huce ya ce, “Da wane hannu?”

Na ce ai nawa suna nan. Na tuna masa shekara da shekaru ni ke murza zare, ni ke yin tuntu da geza, ƙananan ɗinki ma nakan kama masa in aiki ya taru. Ya ce, “Ɗinki daban. Yanka daban.” Gaskiya ne. Ban taɓa ɗora wuƙa a kan fata ba, ban taɓa fitar da fasalin komai daga kaina ba.

Allah bai bar mana ɗa ba, balle a ce ga mai gado. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba.

Laraba, 13 ga Shawwal.

Malam Rabi'u ya dawo da tsohon takalminta don a gwada ƙafa, da wani hoto. Mata ne zaune a kan rairayi ƙarƙashin lema, ruwa a bayansu ba iyaka. Na duba da kyau, babu mai tulu, babu mai wanki, babu mai kaya a ka.

Na tambaye shi fatauci suke zuwa, ko ziyarar dangi? Ya ce, “Ko ɗaya, Inna. Zama suke zuwa yi. Su kalli ruwa, su sha iska, su koma.” Na ce to mutum ya tashi daga gidansa don ya zauna a wani wuri? Ya yi murmushi, ya ce haka suke.

Abin da na gane daga bayaninsa: jakar ta rataye ce a kafaɗa, ta ɗauki littafi da mashaci da ɗan ƙyalle, kada ta yi nauyi. Takalmin ya zama wanda rairayi zai shiga ya fita. Malfar kada iska ta ɗauke ta, kuma ta shiga akwati ba ta karye ba. Ya ce ruwan can gishiri ne, yana cin fata.

Duk yinin nan ina wanke wa Malam jiki, hankalina yana kan ruwan da ke cin fata. Ko kakin zuma zai tare shi?

Juma'a, 15 ga Shawwal.

Ya yarda ya nuna mini. Na jingine shi da bango, na shimfiɗa fata a gabansa.

Litinin, 18 ga Shawwal.

Ba mu daidaita ba. Shi irin gafakar malamai yake so, fata ninki biyu, dagi babba a tsakiya, geza har ƙasa. Na ce ai an ce matar nan siririya ce, yawo za ta yi da ita a bakin ruwa, wannan za ta karya mata kafaɗa. Ya ce, “Haka ake yi.” Na bi yadda ya ce. Wuƙa ta zarce, na ɓata jar fatar da yake ta adanawa.

Ya ɗauki ƙwaryar ruwa da hannun hagu ya jefa. Ba ni ya nufa ba, bango ya samu. Ruwan ya zubo masa a cinya, bai iya matsawa ba. Na kawo zane na goge shi. Yana kuka, bakinsa a karkace. Tun aurenmu ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne yaronmu.

Na fita bayan ɗaki na yi nawa.

Alhamis, 21 ga Shawwal.

Wasila, ƙanwarsa, ta zo daga Bungudu dubiya. Ta ganni da basilla a hannu, ta tsaya a tsakar gida ba ta ko ajiye kayanta ba. Ta ce, “Yaya, mi nika gani haka? Mace da dukanci? In dukawan gari suka ji, da wa za su yi dariya, ke ko shi?” Na ce ba wanda zai ji in ba ta faɗa ba.

Fatun da suka rage a gidan masu kauri ne, na kayan doki. Ina son ta akuya, mai laushi, irin wadda wana, Yaya Jatau, ke jemewa a Tsafe. Wasila ta ce za ta zauna da Malam in je in dawo. Ta faɗa fuska a ɗaure, amma ta faɗa.

Litinin, 25 ga Shawwal. Tsafe.

Na biyo ayarin masu hatsi. Zafi kamar a tanda, har muka wuce dutsen Kwatarkwashi ba wanda ke da ƙarfin hira. Yaya Jatau ya tsufa. Ya ganni ya ce, “Fatimatu, ke ce kika koma haka?” Ban san na rame ba.

Na gaya masa gaskiya duka. Bai yi dariya ba. Ya shiga ya fito da fatu ya ce in zaɓa da hannuna, in rufe ido in shafa. Na zaɓi rawaya wadda aka rina da gangamau, da ja ta karan dafi, da baƙa kaɗan.

Abin da zan rubuta yanzu ba zan iya faɗa wa kowa ba. Na yi barci jiya har rana ta fito. Ban ɗaga kowa ba, ban wanke kowa ba. Na tashi jikina sakayau, na zauna a inuwa ina kallon duwatsu, aka kawo mini fura. Daɗin da na ji ya ba ni kunya. Mijina yana can kwance, ni ina nan ina shan iska.

Talata, 26 ga Shawwal.

Ina zaune kusa da inda Yaya ke jima, matarsa tana daka bagaruwa. Wasu 'ya'yan suka zubo gabana. Na ɗauki ɗaya ina juyawa. Yadda take kumbura ta tsuke, ta kumbura ta tsuke, kamar an jera duwatsun wuya a zare. Na zana ta a ƙasa da tsinke, na ƙara wata a gabanta, na kewaya da su.

Baƙar bagaruwa a kan rawayar fata, ta bi bakin jaka kawai, tsakiya a bar shi fili. Babu geza. Fata ninki ɗaya.

Yaya ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, “Wanga na mijinki ne?” Na ce a'a. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce in kwafe shi a takarda kafin kaji su tattake.

Asabar, 1 ga Zulƙida. Gusau.

Na same shi ya lalace. Wasila ta ce ya ƙi cin abinci daga hannunta, sai ruwa. Bayansa ya fara gyambo don ba ya yarda ta juya shi. Da ya ganni bai ce sannu da zuwa ba. Ya buɗe baki na ba shi tuwo, ya cinye.

Ba zan sake barinsa ba.

Litinin, 3 ga Zulƙida.

Na nuna masa zanen. Ya riƙe takardar kusa da ido. Ya ce, “Wannan ba aikina ba ne.” Na ce na sani, amma ya duba ko zai yi. Ya ce, “Ki yi abinki. Kada ki sa alamata.”

Yana da wata 'yar alama da yake ɗinkawa a cikin duk abin da ya fita daga hannunsa, kamar sawun tsuntsu. Na ce to. Ya saki takardar ta faɗi.

Alhamis, 6 ga Zulƙida.

Ba ya yi mini magana.

Lahadi, 9 ga Zulƙida.

Har yau shiru. In yana son ruwa sai ya buga ƙwarya da yatsa. Ina aiki a bakin ƙofar ɗakinsa don in ji shi, na ba shi baya. Ina jin idonsa a kafaɗata.

Na yanke jikin jakar, wannan karon wuƙa ba ta zarce ba. 'Ya'yan bagaruwar nake fitarwa ɗaya bayan ɗaya daga baƙar fata, ƙanana ne, sun cinye mini ido. Yatsuna sun yi kaca-kaca da basilla. Na shafa kakin zuma a wani ƙyallen fata, na jefa shi cikin ruwan gishiri tun safe. Da la'asar na ciro, ruwa bai shige shi ba. Na juya zan nuna masa, sai na tuna.

Juma'a, 14 ga Zulƙida.

Takalmi. Irin namu mai shiga tsakanin yatsu ba zai yi mata ba, Malam Rabi'u ya ce ƙafarta ba ta saba ba. Na yi igiyoyi na jar fata sun gitta saman ƙafa, da wata ta kama dunduniya. Na gwada a ƙafata a tsakar gida, ya yi mini tsawo, ina tafiya kamar agwagwa. Na ji wani sauti daga ɗaki. Ban tabbata ba dariya ce ko tari.

Talata, 18 ga Zulƙida.

Ya yi magana. Ya ce, “Ku kai ni gida.”

Na ce ai gida muke. Ya ce, “Bungudu.” Can aka haife shi, can iyayensa suke kwance. Na san abin da irin wannan maganar ke nufi a bakin marar lafiya. Na ce sai ya ji sauƙi. Ya sake cewa, “Bungudu.”

Na aika wa Wasila.

Lahadi, 23 ga Zulƙida. Bungudu.

An ɗauko shi a kan gadon kara, 'ya'yan Wasila da maƙwabta suna karɓa-karɓa. An yi yayyafin fari muna hanya, ƙasa ta yi ƙamshi. Ya sa aka tsaya a bakin gulbi, ya daɗe yana kallon ruwa.

Na taho da kayan aiki a ƙasan kwandon tufafi. Wasila ta gani, ta kau da kai.

Laraba, 26 ga Zulƙida.

Wasila gwanar saƙar kaba ce, duk Bungudu malfarta ake sawa a gona. Na daɗe ina jin nauyin tambayarta. Yau ita ta fara. Ta ce, “To malfar Baturiyar fa, ko ita ma da basilla za ki saƙa ta?”

Na yi mata bayani. Irin ta manoma ta yi faɗi da tauri. Ina son kaba ɗanya a tsaga ta siriri, saƙar ta yi laushi yadda za a naɗe ta ta koma daidai. Bakinta a rufe shi da jar fata, a sa igiyar haɓa. Ta ce ba a taɓa yi ba. Na ce ni ma ban taɓa yi ba. Ta yi tsaki, ta aika a yanko mata kaba.

Mun yini tare a inuwar rumbu. Ta warware ta sake, ta warware ta sake. Can ta ce, ba ta ɗago kai ba, “Ran da na ce za a yi dariya, tsoro nika ji. Yaya ne kaɗai ya rage mini.” Na ce ni ma.

Talata, 2 ga Zulhajji.

Jakar ta haɗu, har da maratayi. Na ɗinke shi jiya, yau na ajiye ta kusa da shimfiɗarsa kamar mantuwa, na tafi ɗebo ruwa.

Na dawo na same ta a kan ƙirjinsa. Yana bin ɗinkin da babban yatsan hagu, a hankali, daga wannan baki zuwa wancan. Ya bi bagaruwar ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya da tulu a ka, na kasa saukewa.

Da ya kai inda maratayi ya haɗu da jiki, ya ja. Ya ce, “Nan zai tsinke.”

Na ce yaya zan yi? Ya ce, “Warware.” Na warware. Ya sa na tsaga bakin fatar, na cusa kan maratayin ciki, na bi da wani ɗinki da ke komawa baya yana kulle kansa. Ban taɓa ganinsa ba. Ya ce daga ubansa ya koya, bai nuna wa kowa ba, yana jiran yaronmu ya girma. Kalma ɗaya sai ya maimaita ta kafin in gane, gumi yana keto masa. Fatar tana zamewa, sai ya miƙo hannun hagu ya danne mini ita a kan gwiwarsa. Shi yana riƙe, ni ina ɗinki, har rana ta karkata.

Da muka gama ya ce, “Bagaruwar nan, wa ya nuna miki?” Na ce ba kowa. Ya ce, “Hm.” Ya rufe ido.

Bai ce ta yi kyau ba. Bai ce in sa alamarsa ba. Amma ya ci abinci da yawa yau.

Laraba, 10 ga Zulhajji.

Sallar layya. Mijin Wasila ya yanka rago. Malam ya sa aka kawo masa fatar ya shafa, ya ce mai fiɗar ya huda ta a wuya. Kowa ya yi dariya, aka ce ai sauƙi ya samu tunda ya fara faɗa.

Ni ban yi dariya ba. Ƙafarsa mai lafiyar ma ta fara kumbura.

Talata, 16 ga Zulhajji.

Saƙo daga Malam Rabi'u: Mai Lema ta kusa tashi, a kawo kaya. Komai ya kammala, har maficin, na kaba mai mariƙin fata da 'yar igiyar da za ta sa a wuyan hannu.

Na ce a ba ɗan Wasila ya kai. Malam ya ce a'a. Ya ce, “Takalmi sai an gwada a ƙafa. Mai aiki ke kai aikinsa.” Na ce ba zan bar shi ba, na riga na yi alkawari. Ya ce, “Wa kika yi wa?” Na ce kaina. Ya ce, “Tafi. Ina nan.”

Alhamis, 18 ga Zulhajji. Gusau.

Na shiga gidan Bature. Ban taɓa ba. Malam Rabi'u ya kai ni wata baranda, matar ta fito. Yarinya ce ashe, fuskarta duk ta yi fari fat, an ce zazzaɓi ya sha kama ta tun zuwanta.

Ta ɗauki jakar ta rataya, ta yi tafiya da ita zuwa ƙarshen barandar ta dawo. Ta ɗaga ta da yatsa ɗaya tana nuna wa Malam Rabi'u rashin nauyinta. Ta naɗe malfar ta sake ta, ta koma daidai, ta yi dariya kamar ƙaramar yarinya. Takalmin hagu ya ɗan matse ta a dunduniya. Na durƙusa na sassauta igiyar nan take. Da an aiko yaro da ba a gyara ba. Malam ya yi gaskiya.

Ta yi magana mai tsawo. Malam Rabi'u ya ce tana cewa a gaya wa mai aikin ba ta taɓa ganin irin wannan zanen ba, tana tambaya mene ne. Na ce bagaruwa ce, da ita ake jeme fatar. Ta ce a yi masa godiya, Allah ya ba shi lafiya. Na ce zan gaya masa.

Hadari ya haɗu da la'asar, ba halin komawa. Na kwana gidanmu. Ina ta shirya yadda zan ba shi labarin takalmin hagu.

Juma'a, 19 ga Zulhajji. Bungudu.

Tun daga bakin gari na ga tabarmi a ƙofar gida.

Jiya bayan azahar. An binne shi kafin ruwan ya sauko. Lokacin ina durƙushe ina sassauta igiya, ko ina hanyar gida, ban sani ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 21 ga Zulhajji.

Na tambayi Wasila ko ya neme ni. Ta ce ya tambaya sau ɗaya ko na isa. Ta ce masa ai yanzu na isa. Ya ce to. Daga nan ya nemi a juya shi gabas.

Na sa ta maimaita mini. Ta maimaita, babu ƙari.

Alhamis, 2 ga Muharram, 1347. Gusau.

Na dawo ɗakina yin takaba. Wasila ta biyo ni, ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai ba.

Shimfiɗarsa tana nan. Da asuba nakan tashi in ɗora ruwan wankansa kafin in tuna.

Asabar, 11 ga Muharram.

Ba abin rubutawa. Ruwa ake ta yi.

Litinin, 20 ga Muharram.

Wasu dukawa biyu sun zo gaisuwa. Bayan addu'a ɗayan ya ce in an tashi raba kayan aikin Malam a tuna da shi. Ya ce ya ji labarin jakar da Malam ya yi wa Baturiya yana kwance, an ce ita ce aikinsa na ƙarshe kuma ta fi duk na baya. Ya ce gwani gwani ne ko da hannu ɗaya.

Wasila ta dube ni. Na ce Allah ya jiƙansa. Kayan aiki kuma sai bayan takaba.

Da suka tafi na shiga ɗaki. Ban san abin da ya sa nake kuka ba, shi ne ko maganar.

Juma'a, 8 ga Safar.

Da ban tafi ba. Da na ba ɗan Wasila ya kai. Amma shi ya ce in tafi. Kullum a nan nake kewayawa, kamar akuya a turke.

Wani lokaci ina ganin ya sani, ya kore ni ne don kada in gani. Wani lokaci ina ganin takalmin kawai yake nufi.

Lahadi, 17 ga Safar.

Malam Rabi'u ya zo ta'aziyya, ya ba da haƙurin jinkiri, ya raka Mai Lema ne har inda ta hau jirgin ƙasa. Muka gaisa ta bayan zana.

Ya ce akwai wata Baturiya, matar likita, ta ga kayan kafin a tafi da su. Ita tudun Jos za ta hutawa bayan kaka, tana son nata. Na ce ai mai aikin ya rasu.

Sa'an nan ya ce, “Inna, ran da kika kawo kaya na ga yatsunki. Na kuma ga yadda kika kama igiyar takalmin nan. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuwa zan faɗa ba sai kin ce.”

Na ce ina takaba. Ya ce ya sani, ba gaggawa. Na ce ba zan yi ba. Ya ce to, Allah ya ba da haƙuri.

Laraba, 27 ga Safar.

Wasila ta ce in bi ta Bungudu in takaba ta ƙare. Yaya Jatau ya aiko in koma Tsafe, akwai ɗaki. Duka biyu na ce Allah ya kai mu.

Asabar, 15 ga Rabi'ul Awwal.

Damina ta sa kayan ƙarfe tsatsa. Na fito da su ne kawai in shafa musu mai, don kada a ba mutane abu a lalace. Wuƙar ta dakushe, na wasa ta. Ba a sanin wuƙa ta yi kaifi sai an gwada, shi ya sa na yanki ɗan ƙyallen jar fatar da ta rage.

Akwai gawo a bayan gida, ya zubar da ganye tun farkon ruwa, rassansa tsirara alhali kowane itace ya yi kore. Yadda suka rarrabu ne na ɗan bi da bakin wuƙa. Ba wani abu ba ne. A kan baƙar fata zai fi fitowa, ina tsammani.

Wasila ce ta fito da gudu, wai tuwo ya kama. Ni na ɗora shi, na manta. Ta ce tun ɗazu take jina ina 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ban yarda ba. Mai takaba ba ta waƙa.

Ɗan Wasila zai shiga kasuwa gobe. Na ce in ya ga Malam Rabi'u ya gaishe shi, ya tambaye shi ko tudun Jos ɗin nan akwai sanyi, kuma ko ƙasar duwatsu ce ko rairayi. Tambaya ce kawai.